Maigidana Yana So Mu Zuba Kuɗin Gadona a Filin Bakin Ruwa a Legas

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Katsina ce, shekarata 31, 'ya'yana uku. Shekara takwas muka yi a Agege cikin 'yan'uwa Hausawa, a ciki da falo. Maigidana yana sana'ar kayan gwari a kasuwar Mile 12. Bara mai gidan hayarmu ya ninka kuɗi, sai maigida ya samo mana gida mai ɗaki biyu a wata unguwa da ke bakin ruwa, har ana hango gadar Third Mainland ta taga. Hayar ba ta kai ta Agege ba, kuma ya fi masa kusa da kasuwa.

Gidan ba laifi, ga iska. Amma wata goma ke nan da tarewarmu, har yau ban saki jiki ba. Maƙwabtanmu masunta ne, ba na jin yarensu, hayaƙin bandar kifi har cikin kayan sawarmu. A daminar da ta wuce sau biyu ruwa ya shigo tsakar gida, ɗaya ma ba a yi ruwan sama ba, ta lambatu ya taso. Ɗana na fari mai shekara tara ya fara bin yaran unguwa bakin kwale-kwale. Unguwar kuma sai canjawa take: dare da rana ana tura yashi ana cike ruwa, an ja katanga an ce rukunin gidajen masu kuɗi za a gina, an gyara titi. Watan jiya aka zo aka shafa jan fenti a wasu gidajen katako da ke ƙasa da mu.

Ga damuwata. Mahaifina ya rasu, an sayar da gona an raba gado, rabona ya kama naira miliyan 6. Dangin da suka ce su ne masu ƙasar unguwar sun yi wa maigida tayin rabin fili a sabon ciken, sun ce in bai biya cikin wata biyu ba wani zai saya. Ya dage, wai nan da shekara biyar wurin zai zama kamar Lekki, unguwar masu kuɗin nan ta bakin ruwa, mu huta da haya. Yana so in ba da kuɗin gadon ya cika da nasa. Na tambayi takarda, ya ce akwai rasit mai hatimin dangin da sa hannun baale, wato mai unguwa. Da na nuna shakka sai ya yi fushi, wai ban yarda da shi ba. Mahaifiyata kuma ta ce in tattara yara in dawo gida kafin ruwa ya ci mu. Mutumin kirki ne, bai taɓa cin ko kwabona ba. Ina zan sa kaina?

Uwar yara uku, Legas

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa, ku kuma Ya ba ku haƙurin rashi. Na taƙaita wasiƙarki na kuma cire sunan unguwar don kada a gane ku, amma na karanta ta duka, har sau biyu.

Bari in fara da maganar kuɗin, tunda ita aka sanya wa wa'adi. Kada ki saki ko naira ɗaya a kan wannan rasit. Na faɗa miki kai tsaye don kada ki tsaya lalube cikin dogon bayanina.

Maigidanki bai yi ƙarya ba da ya ce wurin zai iya zama kamar Lekki. Abin da ya kamata ku zauna ku tambayi kanku shi ne: lokacin da Lekki ta zama Lekki, ina mutanen da aka tarar a wurin suka tafi? A watan Yulin 1990, zamanin gwamnan soja Raji Rasaki, aka ba mutanen Maroko wa'adin kwana bakwai, aka kawo katafila aka baje unguwar da aka ƙiyasta mutum kusan 300,000 ke zaune a cikinta. Yau a kan wannan ƙasar wasu daga cikin gidajen da suka fi tsada a Legas suke. A 2012 sa'a 72 aka ba wani ɓangare na Makoko. A watan Nuwamban 2016 aka tashi Otodo Gbame, ƙauyen masunta a bakin ruwan Lekki, kimanin mutum 30,000, alhali kwanaki kaɗan kafin nan kotu ta ba da umarnin a dakata da rusau. Waɗanda suka rage, a Afrilun 2017 aka kora su cikin kwale-kwale. A watan Yunin shekarar babbar kotun jihar ta yanke hukuncin cewa korar ta saɓa wa tsarin mulki, amma gidan da ya riga ya zama toka hukunci ba ya tayar da shi, kuma mutanen ba su koma ba. Tarkwa Bay ta ga nata a Janairun 2020, Oworonshoki a Yulin 2023. Da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah suna da rasit irin wanda aka nuna wa maigidanki, da hatimi da sa hannu da komai.

Don haka titin da aka gyara da katangar da aka ja, waɗanda shi yake kallo a matsayin alamar arziki, ni su ne suka fi tayar min da hankali. Muddin bakin ruwa laka ne da sauro, babu mai waiwayar talakan da ke zaune a kai. Ranar da yashi ya mayar da shi kadara, ranar ake fara tambayar takarda, kuma marar takarda shi ke fara tashi. Jan fentin da kika gani a gidajen ƙasa da ku ba ado aka yi musu ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin da ake yi.

Ga yadda lamarin fili yake a dokance, don ki iya yi masa bayani ba tare da an ce tsoron mata ne kawai ba. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙewa izinin zama ne, wato takardar C of O, ko kuma cinikin da gwamna ya sa hannu ya amince da shi. Dangin da suka gaji ƙasa a Legas, waɗanda ake kira omo onile, suna iya sayarwa cikin aminci ne idan gwamnati ta yanka musu wannan yanki ta kuma buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati. Rasit ɗin dangi shaida ce cewa kun ba su kuɗi, shi ke nan. Naku ma ya fi haka sarƙaƙiya, domin filin da ake muku tayi bara waccan ruwa ne, kifi ke yawo a wurin. Wa ya ba da izinin cikewa? Da sunan wa? Hukumar hanyoyin ruwa ta tarayya da gwamnatin jiha kansu sun daɗe suna ja-in-ja a kan iko da hanyoyin ruwan Legas har gaban Kotun Ƙoli, balle wani dangi da hatimin roba. Sannan ƙa'idar gini ta jihar ta ce a bar tazarar mita 50 tsakanin gini da tafkin Legas, wato ruwan da kuke bakinsa, mita 150 in teku ne. Rabin fili a sabon cike, da wuya a ce bai faɗa cikin wannan tazara ba.

Wa'adin wata biyu kuwa tsohuwar dabarar dillalai ce, daga Kwari har Idumota. Mai kaya na gari ba ya tsoron a kira lauya.

Yanzu maigidanki. Ina so ki kalle shi da idon rahama, don na fahimci abin da ke cin sa. Mutum ne da ya shekara takwas yana tashi tun kafin asuba yana fama da kwandunan tumatir da buhunan attaruhu, kuma rana ɗaya wani ya aiko masa da saƙo cewa haya ta ninka, ya kwashi iyalinsa ya bar unguwar da ya saba. Wannan ciwo ne a zuciyar magidanci. Da ya hango fili da sunansa, kwanciyar hankalinku yake hange, da ranar da zai kira gida ya ce ya yi gini a Ikko. Shi ya zaɓo unguwar nan, ke kuma wata goma fuskarki ba walwala, ga surukarsa na cewa a dawo mata da 'yarta. Da kika ce ina takarda, shi abin da ya shiga kunnensa shi ne an ce ya gaza. Fushin daga nan ya fito. Ban ga alamar mai son cin dukiyarki a cikin abin da kika rubuta ba, kuma ke ma kin shaide shi.

Duk da haka gadonki naki ne. Shari'a ba ta ɗora miki samar da muhalli ba, a wuyansa yake, kuma dukiyar mace ba ta halatta ga miji sai da daɗin ranta. Idan kin ba da, kyautatawa ce. Idan kin hana, ba ki saɓa masa ba. Ki riƙe wannan a ranki don ki samu natsuwa, amma kada ki buɗe zancen da shi, don in kika fara da “haƙƙina ne” kin rufe ƙofar da kike son shiga.

Ki nemi lokacin da ya ci ya ƙoshi, yara sun yi barci. Ki fara da gode masa a kan burin da yake da shi na raba ku da haya, ki ce ke ma burinki ke nan. Sai ki ce kuɗin nan gumin Baba ne na shekara da shekaru, shi ne abu na ƙarshe da ya bar miki, kina so ku sa shi inda ba za ku yi kuka ba, ku biyu. Ki nuna masa cewa shakkarki a kan masu sayarwa take. Sannan ki yi tayin da zai yi wuya ya ƙi: ke za ki biya kuɗin bincike daga aljihunki. A ɗauko safiyo mai rajista, wanda ku kuka samo, ya auna filin ya fitar da lambobinsa, a kai ofishin babban safiyon jiha a duba ko wurin na cikin ƙasar da gwamnati ta riƙe. A ɗauki lauya, shi ma naku, ya je ofishin filaye da ke Alausa ya binciko da sunan wa aka yi rajista, ya nemi dangin su kawo lambar gazet da takardar izinin cike ruwan. Kada ku yarda da lauya ko safiyon da masu filin suka ce “namu ne, zai yi muku sauƙi”. Abin da za ki kashe a nan ɗan kaɗan ne a kan miliyan 6. Ki ce masa in takardu suka fito tsaf, kin yarda a sake zama. Ta haka hukuncin ya bar bakinki ya koma bakin takarda, shi kuma bai faɗi a gaban matarsa ba.

Zato na shi ne da zarar an ambaci Alausa za ku ga masu filin sun fara kame-kame, ko farashi ya sauko ba dalili, ko a ce dattijon da ke riƙe da takardar ya yi tafiya. In ya ga haka da idonsa, ɗan kasuwa ne, ba sai kin ƙara ko kalma ba. Idan kuma ya ƙi binciken gaba ɗaya, to ki sa wanda yake jin nauyi, yayansa ko wani dattijo a cikin shugabannin kasuwarsu. Waɗannan mutanen sun ga 'yan'uwa da yawa da omo onile suka sayar wa fili ɗaya su uku. Mahaifiyarki kada ta shiga wannan magana, zai ɗauke ta taron dangi.

In Allah Ya sa takardun na gaske ne, akwai sauran abu biyu. Sunanki ya shiga takardar ciniki gwargwadon kuɗinki, ko kuma a rubuta bashi ne kika ba shi, da shaidu. Kada kunya ta hana ki. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ranar da aka zo rabon gado ba ki san wa zai tsaya a gabanki ba. Na biyu, ku tambayi magini nawa harsashi kaɗai zai ci a kan sabon yashi. Ƙasar da aka cike tana ci gaba da zama, ginin da aka yi wa harsashin tudu sai ya tsage ko ya nutse. Sau da yawa abin da ake binnewa a ƙasa ya fi kuɗin filin, kuma ban ji kin ce yana da wannan a ajiye ba.

Kuɗin kuma kada ki bar su zaune a asusu, darajar naira na zagwanyewa, masu ƙananan buƙatu kuma ba za su bar ki ba. Fili mai takarda a Katsina, ko zinare, ko ki raba: kaso mafi yawa a kadara da sunanki, ɗan wani abu ki ba shi jari bisa yarjejeniya a rubuce, in ranki ya kwanta. Wannan na ƙarshe zai nuna masa a aikace cewa kin yarda da shi. In burin gida a kurmi na nan daram, akwai tudu ta wajen Ikorodu ko hanyar Shagamu, da sharaɗin bincike iri ɗaya, kuma ku guji kwarin kogin Ogun, inda ruwa ke mamaye gidaje duk lokacin da aka saki madatsar Oyan. Ki yi istihara kafin kowanne.

Maganar komawa gida, ban goyi baya ba a yanzu. Hajiya tsoro ne ya kama ta, ta rasa miji, tana jin labarin ruwa na shiga wa jikokinta, dole ta ce a dawo. Ki riƙa kiranta kullum, ki nuna mata gidan ta bidiyo ranar da rana ta fito, ki yi mata alkawarin zuwa da yara a dogon hutu. Amma tattara kaya a tsakiyar wannan saɓani zai mayar da zancen fili ya zama zancen aure.

Zama a unguwar a matsayin 'yan haya abu ne mai yiwuwa, in kun zauna da shiri. Ɗan haya in rusau ya zo asarar 'yan watanni zai yi, mai gini kuwa ta rayuwa. Ku biya shekara ɗaya kawai ko ƙasa da haka, ku karɓi rasit. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana a nemi fiye da shekara guda, ta kuma ba mai biyan shekara-shekara sanarwar wata shida kafin a tashe shi, sai in yarjejeniyarku ta faɗi wani abu daban. In rigima ta taso da mai gida, akwai cibiyar sasanci ta gwamnatin jiha da ke sauraron irin wannan kyauta. Sai dai dokar tsakaninku da mai gida take aiki, katafila ba ta karanta ta. Saboda haka maigida ya tambayi mai gidan, cikin raha, wace takarda gidan ke da ita. Takardunku na haihuwa da na makaranta da katunan shaida su zauna a jaka ɗaya cikin leda, a sama, inda hannu zai kai cikin duhu. Ku ajiye kuɗin motar kwasar kaya da ba a taɓawa. Ku kuma yi magana da wani gida a Agege tun yanzu, cewa in ta ɓaci za ku kwana biyu a wurinsu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ruwan da ya taso ba tare da an yi ruwan sama ba, tafkin ne ya cika ya turo ta lambatu, don yana haɗe da teku, yana hawa yana sauka. Kuma duk yashin da ake tarawa a gefenku yana ɗaga can ne ya bar ku a kwari, ruwan da ya rasa wurin kwanciya ku zai nufa. Ki sa rai damina mai zuwa, musamman Yuni da Yuli, za ta iya fin ta bara. Na taɓa kai ziyara wani gida a irin unguwarku, na tarar firji a kan bulo huɗu, buhun shinkafa a kan benci, soket ɗin wuta duk an mayar da su daidai ƙirji. Matar gidan ta kama hannuna ta nuna min wani layi mai duhu a bango, kamu ɗaya da rabi daga ƙasa, ta ce duk gidan da za ki shiga a nan wannan za ki fara dubawa, kafin fenti. Ki duba naku. In layin ya wuce gwiwa, ku fara neman wani gidan a cikin unguwar ta wajen tudu kafin hayar ta ƙare. Ruwan sha a tafasa ko a saya mai tsabta, gidan sauro kowane dare, kuma yaro in ya fara gudawa bayan ambaliya a tafi asibiti a ranar.

Yaronki shi ne abin da ya fi hana ni sukuni a wasiƙar nan, fiye da miliyan shidan. Yaran da yake bi tun suna rarrafe suke cikin ruwa, shi kuwa ɗan tudu ne. Duka da kulle ba za su raba shi da bakin ruwa ba, sai dai ya koyi zuwa a ɓoye, kuma wannan ya fi haɗari. Babansa ya samu wani babba a cikin masuntan, ya gabatar da yaron, ya ce ga ɗana, bai iya ruwa ba, a sa min ido, in da hali a koya masa a inda ba zurfi. Doka ɗaya tak za ku kafa masa wadda ba sassauci: ba ya hawa kwale-kwale sai da babba da rigar ruwa. Ku kuma cike masa yammacinsa da Islamiyya, ko da sai an hau mota.

Wannan ya kawo ni kan maƙwabtanki, kuma a nan zan ɗan ja kunnenki. Wata goma, ƙanwata, ba ki koyi ko gaisuwa ba? A Agege ba ki buƙaci kowa ba saboda kowa naki ne, nan kuwa dole ki fita ki nema. Matan da hayaƙinsu ke damunki sun riga ki sanin watan da ruwa ke hawa, sun san gidan da ke nutsewa, sun san ainihin wanda ke tura yashin nan, kuma ranar da za a zo da katafila su za su riga kowa ji. Su ma a tsorace suke, fiye da ke, don ke kina da Katsina, su kuwa nan ne garinsu. Wataƙila kallon da suke miki na waɗanda suka zo ɗaga musu haya ne. Ki soya ƙosai ko ki dama kunun gyaɗa ki aika wa wadda ke jikin katangarku, ki sayi kifi a hannunta, ki bar yaranki su koya miki “ẹ kàárọ̀” da “ẹ ṣé”, wato “ina kwana” da “na gode” da Yarbanci. Ki tambaya ko akwai ƙungiyar unguwa ko adashin mata. A unguwannin bakin ruwa da dama akwai ƙungiyoyin mazauna da ke aiki da lauyoyin Justice and Empowerment Initiatives, masu taimaka wa irin waɗannan al'ummomi a kan rusau, maigida ya riƙa leƙa taronsu. Shanya kuma ki riƙa yi da hantsi kafin a hura wutar banda, ki kwashe da wuri.

Ranar Juma'a ko Lahadi ki shirya yara ku tafi Agege ku wuni, ki ci tuwo a cikin 'yan'uwa ki yi hira da harshenki har ki gaji. Ki sa maigida ya san cewa wannan ziyarar tana cikin abin da zai sa ki iya zaman.

In lauya ya dawo daga Alausa, ki rubuto min abin da ya samo, da tsayin layin da kika gani a bangonku. A shafa min kan yaran.